Muhawara: Shin mutum zai iya mallakar lissafi?

Ɗan Zazzau:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata ga lauyoyinmu ce da malaman lissafi. Kullum ana ce mana doka ba ta ba mutum takardar haƙƙin ƙirƙira, wato fatent, a kan lissafi. To RSA fa? Dabarar kulle saƙo ce da Rivest da Shamir da Adleman suka fitar a 1977, kuma in ka buɗe cikinta babu komai sai ninka lambobi da ɗaukar ragowar rabawa. Duk da haka Amurka ta ba jami'ar MIT takarda a kanta a 1983, ta yi aiki har shekarar 2000. Kamfanin da duk ya so sa ta cikin hajarsa a Amurka sai ya biya kuɗin lasisi. In wannan ba mallakar lissafi ba ce, mece ce?

Barista:
Wa alaikumus salam. Tambayar nan ta daɗe tana wahalar da alƙalai, ba kai kaɗai ba. Dokar Amurka a rubuce ba ta ambaci lissafi ba ko sau ɗaya. Kotun Ƙoli ce ta ware abubuwa uku ta ce ba a mallakarsu: dokokin da halitta ke tafiya a kansu, abubuwan da ke faruwa da kansu a duniya, da tsagwaron tunani wanda ba a sa shi cikin wani aiki ba. Lissafi a nan yake faɗawa. A wani hukunci na 1980 kotun ta kawo misali da Einstein da Newton, ta ce ko su ba za su sami takarda a kan ƙa'idojin da suka gano ba.

Abin da ya kamata ka sani shi ne, lauya ba ya kallon sunan ƙirƙira. Ƙarshen takardar yake zuwa, inda aka jera da'awoyi masu lamba, domin su ne iyakar abin da aka mallaka. A takardar RSA ba a ce "mun mallaki wannan ƙa'ida" ba. Cewa aka yi tsarin sadarwa ne mai na'urar kulle saƙo, da hanyar da saƙon zai bi, da na'urar buɗewa. A idon doka wannan na'ura ce, ba ƙa'ida ba.

Malamar Lissafi:
Barista, ranka ya daɗe, bari in yi RSA ɗin a nan kowa ya gani da idonsa, sannan a nuna mini inda na'urar take.

Ɗauki 3 da 11, lambobi ne da ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu. Ninka su, ka sami 33. Rage ɗaya daga kowacce ka ninka, 2 sau 10, ka sami 20. Yanzu nemo lambobi biyu da in ka ninka su ka raba da 20 ragowar ɗaya ce: 3 da 7, tunda 21 ne. To 3 shi ne makullin da kowa zai sani, 7 kuma na sirri. A ce saƙonka lamba 4 ce. Ninka 4 da kanta sau uku, 64. Raba da 33, ragowa 31. Wannan 31 ɗin za ka aika. Wanda ya karɓa ya ninka 31 da kanta sau bakwai, ya raba da 33, ragowar da zai gani 4 ce. Saƙo ya dawo.

Shi ke nan RSA. Bambancin kawai, na gaske lambobinsa suna da ɗaruruwan alƙaluma. Dalilin da ya sa saƙon ke dawowa kuwa ƙa'ida ce da masanin lissafi Fermat ya faɗa a 1640, wani masanin, Euler, ya faɗaɗa ta a ƙarni na 18. Na yi shi da biro da takarda. Ina na'ura?

Barista:
Malama, abin da kika yi yanzu ba wanda zai kai ki kotu a kansa ko a 1990. Koyarwa a allo da yin sa da hannu ba su shiga da'awar ba.

Malamar Lissafi:
Na yarda. Amma wa zai ninka lamba mai alƙaluma ɗari shida da hannu don ya aika saƙo? Amfanin abin gaba ɗaya a cikin kwamfuta yake. Ka ce mini ƙa'idar ta kowa ce, amma duk wanda ya sa ta a kwamfuta sai ya biya. Kamar manomi ne ya ce bai hana shanu bin burtali ba, alhali ya yi shinge a bakinsa na gabas da na yamma. Burtalin yana nan, sai dai ba mai iya shiga.

Ɗan Zazzau:
Abin da ke damuna ke nan, Malama ta faɗe shi fiye da yadda zan iya.

Barista:
Hujjar Malama ba baƙuwa ba ce a kotu, ita ce ma ta yi nasara a shari'ar farko. A 1972, shari'ar Benson, ma'aikata biyu na Bell Labs, cibiyar bincike ta kamfanin tarho na AT&T a lokacin, sun nemi takarda a kan hanyar juya lambobi daga wani salon rubutu zuwa wani a cikin kwamfuta. Misali 53: a salon farko kowane alƙalami ana rubuta shi daban, 0101 da 0011, a na biyu kuma a dunƙule, 110101. Kotun Ƙoli ta hana su, ta ce tunda dabarar ba ta da wani amfani sai a kwamfuta, ba su takarda daidai yake da ba su dabarar kanta.

A 1978 aka yi shari'ar Flook. Shi kuma fomula ya kawo ta sabunta iyakar da ƙararrawa za ta kaɗa a masana'antar sarrafa mai. Aka hana shi, domin in ka cire fomular, sauran duk tsohon abu ne da kowa ke yi.

Sai 1981, shari'ar Diehr, inda abin ya juya. Masu dafa roba ne. Ana zuba ɗanyar roba a mazubi, a matse ta da zafi har ta nuna. In an buɗe da wuri ba ta nuna ba, in an makara ta lalace. Akwai ƙa'idar Arrhenius, wani masani ɗan Suwidin, tun 1889, wadda ke nuna dangantakar zafi da saurin nunar. Matsalar ita ce zafin cikin mazubin yana hawa da sauka, musamman duk lokacin da aka buɗe don zuba sabuwar roba. Su Diehr sai suka riƙa auna zafin daga ciki ba ƙaƙƙautawa, kwamfuta tana ta sake lissafin lokaci, da zarar ya cika injin ya buɗe da kansa. Alƙalai biyar suka ce a ba su, huɗu suka ce a'a. Hujjar masu rinjaye ita ce ba su hana kowa ƙa'idar Arrhenius ba. Mai haɗa magani da mai sarrafa abinci duk suna iya ci gaba da amfani da ita. Hanyar dafa roba guda ɗaya kawai suka killace.

Injiniya:
To alhamdu lillahi, an zo wajena. Malama, ina girmama ki, amma ku masu lissafi kuna raina tazarar da ke tsakanin ƙa'ida da abin da ke aiki. Ƙa'idar Arrhenius ta shekara fiye da tamanin a littattafai, masana'antu suna ta asarar roba. Wanda ya zauna ya gano inda zai dasa ma'aunin zafi, da yadda zai haɗa shi da injin, ya kashe kuɗi da lokaci. In washegari maƙwabcinsa zai kwafa kyauta, wa zai sake wahalar da kansa? Takardar nan shekara 20 ce kacal daga ranar da aka shigar da buƙata, bayan nan ta zama ta kowa. Ko shingen da kika ambata, na ɗan lokaci ne.

Kuma kuɗin ba aljihun 'yan kasuwa kaɗai yake shiga ba. Dabarar PageRank da Google ta tashi a kanta, wadda ke auna darajar shafi da yawa da darajar shafukan da ke nuni zuwa gare shi, jami'ar Stanford ce ta riƙe takardarta. Google ta biya ta da hannun jari, jami'ar ta sayar a 2005 ta sami dala miliyan 336. Wace jami'a ce za ta ƙi irin wannan?

Malamar Lissafi:
Injiniya, a kan Diehr ba ni da ja. Akwai roba, akwai zafi, akwai ƙarfe da ke buɗewa. Rigimata tana inda abin da ya shiga lamba ce, abin da ya fito ma lamba ce.

Ka duba labarin Karmarkar. Ɗan Indiya ne, yana aiki a Bell Labs. A 1984 ya fitar da sabuwar hanyar warware irin lissafin nan na rabon dukiya ƙalilan ga buƙatu masu yawa, kamar tsara jirage da matuƙansu, ko layukan tarho. Tun 1947 ake amfani da hanyar Dantzig, wadda ke bin kusurwoyin matsalar ɗaya bayan ɗaya. Shi kuwa ya ratsa ta tsakiya. Lissafi ne zalla, mai kyau ƙwarai. Kamfanin AT&T ya nemi takarda, aka ba shi a 1988, bayan an rubuta da'awar da sunan hanyar rabon albarkatu. Suka haɗa kwamfuta ta musamman suka sa mata kuɗi kusan dala miliyan 9. Masu saye ba su yi yawa ba. Abin da ya fi ba ni takaici, daga baya aka gano wani ɗan Tarayyar Sobiyet mai suna Dikin ya riga ya buga wani reshe na wannan dabara tun 1967.

Haka ma RSA. Clifford Cocks ya gano ta a 1973 a hukumar leƙen asirin sadarwa ta Birtaniya, ba a bayyana ba sai 1997. Wannan ba hatsari ba ne, haka lissafi yake. Mutum biyu a ƙasashe biyu za su isa wuri ɗaya domin wurin yana nan tun kafin su. Ta yaya za a ce wanda ya riga zuwa ofishin fatent shi ne mai shi?

Ga kuma ɗaya gefen. A 1965 Cooley na kamfanin IBM da Tukey na jami'ar Princeton suka buga hanyar gaggauta lissafin Fourier, wato lissafin rarraba sauti ko sigina zuwa sassan da suka haɗa shi. Ba a yi mata takarda ba. Yau tana cikin wayarka, da na'urorin hoton asibiti, da duk abin da ke sarrafa sauti. Da an killace ta shekara goma sha bakwai, kamar yadda dokar lokacin take, ka yi tunanin abin da zai tsaya. Ita ma ɗin, masanin lissafi Gauss ya riga ya rubuta irinta wajen 1805.

Injiniya:
Misalin Dikin kuskuren masu bincike ne a ofis, Malama, ba laifin dokar ba. Abin da ba sabo ba bai cancanci takarda ba tun farko.

Malamar Lissafi:
Ma'aikacin ofis nawa ne zai karanta mujallar lissafi ta Rashanci ta 1967? In dokar ta dogara da abin da ba zai yiwu ba, ai ita ma tana da laifi.

Ustaz:
Salamu alaikum. Ina biye da ku tun ɗazu. Wani ya turo mini saƙo a gefe yana tambaya ko wannan ba ya cikin ɓoye ilimi da hadisi ya yi gargaɗi a kai, cewa wanda aka tambaye shi ilimi ya ɓoye za a sa masa linzamin wuta. Na ga ya fi kyau in amsa a nan. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kare, ba ya halatta a keta su. Kuma yadda na fahimta, sharaɗin samun takardar shi ne ka bayyana dabararka filla-filla har wani masani ya iya maimaitawa. Ke nan ba ɓoyewa ba ce. Mai ɓoyewa shi ne wanda ya ƙi neman takarda ya riƙe abin a matsayin sirrin sana'a.

Amma zuciyata tana tare da Malama a kan ƙa'ida ita kanta. Alkhawarizmi ya rubuta aljabara a Bagadaza a ƙarni na 9, babban ɓangare na littafin a kan lissafin gado da wasiyya ne, don alƙalai da talakawa su amfana. Namu na gida ma, Muhammadu ɗan Muhammadu Alkatsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta hanyoyin gina hatimin lambobi, inda kowane layi ke ba da jimilla ɗaya. Ba wanda ya ce sai an biya shi kafin a yi rabon gado da hanyarsa. Abin da Allah ya ajiye cikin lambobi ganowa ake yi, ba ƙerawa ba. Abin da hannu ya haɗa da shi kuwa, wannan aikin mai shi ne.

Ɗan Zazzau:
Allah ya gafarta Malam, a aikinmu na rubuta manhaja wannan rabewar ce ke gagara. Duk manhaja matakan lissafi ce. Donald Knuth, babban malamin kimiyyar kwamfuta na Stanford, ya rubuta wa ofishin fatent na Amurka wasiƙa a 1994 yana cewa ba za a iya raba matakan da suke na lissafi da waɗanda ba na lissafi ba, domin duk bayanin da ke cikin kwamfuta lamba ne.

Kuma mun ga illar. Salon hoton kwamfuta na GIF yana amfani da dabarar matse bayanai ta LZW. Mutane sun yi shekaru suna amfani da shi hankali kwance, sai a ƙarshen 1994 aka sanar cewa kamfanin Unisys mai takardar zai fara karɓar kuɗi daga masu manhaja. Dole masu sa-kai suka taru suka ƙirƙiro wani salon hoton, PNG, don su kauce. Takardar ba ta mutu a Amurka ba sai 2003. Irin wannan ne ke ba mu tsoro: ka zauna ka warware matsala da kanka, ba ka kwafi kowa ba, a ce ka taka haƙƙin wani.

Barista:
Wannan gaskiya ne, kuma nan fatent ya bambanta da haƙƙin marubuci. A haƙƙin marubuci sai ka kwafa za a kama ka. A fatent ko ba ka taɓa jin labarin mai shi ba, in ka faɗa cikin da'awarsa ka faɗa.

Sai dai ku sani zamanin da kuke ba da labarinsa ya ɗan sauya. Ƙofar ta fi buɗewa ne bayan hukuncin State Street na 1998, lokacin da kotun ɗaukaka ƙara ta ce ya isa in dabara ta haifar da sakamako mai amfani da ake iya gani. Takardu suka yi ta kwarara. A 2014 Kotun Ƙoli ta ja birki a shari'ar Alice da bankin CLS. Kamfanin Alice na Ostareliya yana da takarda a kan amfani da kwamfuta a matsayin amintacce na tsakiya, wanda ke tabbatar da kowane ɓangare yana da abin biya kafin a kammala ciniki. Alƙalai tara duka suka soke ta. Suka ce a yi tambaya biyu. Da'awar a kan tsagwaron tunani take? In eh, akwai wani ƙarin abu na ƙirƙira a cikinta wanda ya wuce tunanin? Cewa kawai "a yi shi da kwamfuta" ba ya cikin ƙari. Takardu masu yawa sun faɗi bayan wannan.

Ra'ayina, tunda an tambaya: tambayar da ta fi kowacce amfani ita ce ta Benson da Diehr. Bayan an ba ka takardar, saura sun sami hanyar amfani da ƙa'idar ko ka toshe ko'ina? In ka toshe, lissafin ka mallaka, ko da wane suna ka kira shi. A wannan ma'auni, ni ma ina ganin takardar RSA ta yi faɗi.

Injiniya:
Amma Barista ka san hukuncin Alice ya bar mutane cikin duhu. Kotun ba ta fayyace mene ne tsagwaron tunani ba. Mai zuba jari ba ya son abin da sai an je gaban alƙali za a san matsayinsa.

Barista:
Haka ne, kuma alƙalan Amurka da kansu suna wannan ƙorafin. Turai ta bi wata hanya. Yarjejeniyarsu ta 1973, sashe na 52, ta rubuta ƙarara cewa hanyoyin lissafi da manhajar kwamfuta ba ƙirƙira ba ne, sai ta ƙara da cewa ana nufin su a karan kansu. Waɗannan 'yan kalmomi su ne ƙofar. A shari'ar Vicom ta 1986 aka ce in lissafin a kan lambobi kawai yake aiki, babu takarda, in kuma a kan hoto yake aiki yana gyara shi, akwai, domin ya magance matsala ta fasaha. Indiya ma dokarta ta cire hanyoyin lissafi da na kasuwanci a rubuce.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa ga manya. Mu nan Nijar wanga batu ba Yamai ake yanke shi ba. Muna cikin OAPI, ƙungiyar haƙƙin ƙirƙira ta Afirka mai ƙasashe 17, hedikwatarta na Yawunde, tare da Kamaru da Cadi. Takarda guda ka nema ta yi maka aiki cikin ƙasashen duka. Yarjejeniyar Bangi ta 1977 da aka kafa ta da ita ta bi sawun Turai, ta fitar da ƙa'idojin kimiyya da hanyoyin lissafi daga abin da ake ba takarda. 'Yan uwanmu na Gana da Sudan kuma suna cikin takwararta, ARIPO, da ke Harare. Barista, ku Najeriya ina kuka tsaya?

Barista:
Ba ma cikin ko ɗaya a matsayin cikakkun mambobi. Dokarmu ta 1970 ce, tun kafin kwamfuta ta shiga gidaje, har yau kuma ita ke aiki. Ta ce ƙirƙira sai ta zama sabuwa, ta fito daga ƙoƙarin ƙirƙira, kuma a iya amfani da ita a masana'anta. Ta kuma ce ƙa'idoji da binciken kimiyya ba ƙirƙira ba ne. Ba ta ambaci manhaja ba sam.

Ɗan Zazzau:
To a ce wani ɗalibi ya fito da sabuwar hanyar lissafi, misali ta tsara rabon ruwan noman rani tsakanin gonaki. Me zai yi?

Barista:
Rubutun manhajar da ya yi yana da kariya tun ranar da ya rubuta, ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda ke ɗaukarsa kamar rubutaccen littafi. Amma rubutun ta kare, ba dabarar ba. In yana son fatent, sai ya nuna dabarar cikin aiki: ma'aunin danshin ƙasa, famfo, bawul da ke buɗewa da rufewa. Kuma kada ya gabatar da ita a taro ko ya buga a mujalla kafin ya shigar da buƙata, domin a dokarmu bayyanawa ko'ina a duniya tana kashe sabunta. In yana jami'a, hukumar NOTAP, ta gwamnatin tarayya mai kula da samowa da bunƙasa fasaha, tana taimaka wa masu bincike wajen shigar da takardu.

Malamar Lissafi:
Ƙanena, ka ji shawarar lauya, ga ta malama. Famfon da bawul ɗin ya nema musu takarda, ba ni da matsala. Ƙa'idar kuwa ya buga ta bayan ya shigar, a fili, da hujjojinta, yadda ɗalibi a Damagaram ko Garwa zai ɗauka ya yi wani abin daban da ita. Mu da muka fi kowa buƙatar ilimin da wasu suka tara, bai kamace mu mu goyi bayan a killace shi ba.

Injiniya:
A kan wannan rabon mun daidaita, Malama. Inda ba mu daidaita ba shi ne ranar da ƙirƙirar duka tana cikin manhaja, babu famfo babu bawul, kuma ta ci wa mutum shekara biyar. Ni har yanzu ina ganin ya cancanci kariya.

Barista:
Kafin ku kai can akwai abin da ya fi gaggawa a gida. Magatakardan da ke Abuja, ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki, doka ba ta ɗora masa binciken ko ƙirƙira sabuwa ce ko ta cancanta ba. Takardu yake dubawa ko sun cika, da ko an biya kuɗi. Dokar ma ta faɗa cewa ana ba da takardar ne bisa kasadar mai ita, ba tare da tabbacin ingancinta ba. Ma'ana, wani zai iya ɗauko tsohuwar fomula ya yi mata ado da kalmomin injiniyoyi ya karɓi takarda, ya fara aika wa ƙananan masu manhaja wasiƙar gargaɗi. Hanyar soke ta ita ce a shigar da ƙara a Babbar Kotun Tarayya, kuma wanda aka tsorata shi zai nemo kuɗin lauya da masanin da zai yi wa alƙali bayanin lissafin. Duk gyaran da za a yi wa dokar 1970, ni abu biyu nake so in gani a ciki: a rubuta hanyoyin lissafi cikin abin da ba a mallaka, a kuma ɗauki masu bincike da suka karanci lissafi da kwamfuta su duba buƙata kafin a buga mata hatimi.